Hutun da Koci Bai Nema Ba

Wani ne, mai gyaran wutar lantarki. Hannunsa ba laifi in ya yi shiru. To, shirun ne babu. Allah ya jarabce shi da son ƙwallon kwando, irin son da ba shi da magani. Shi kansa bai taɓa jefa komai ya shiga ba. Ko ɓawon ayaba ya jefa kwandon shara, sai matarsa ta bi baya ta ɗauke. Amma in ana zancen yadda ake tafiyar da ƙungiya, sai ka rantse a bencin koci aka yanke masa cibiya.

Ƙungiyar garinsu 'Yan Ja ake ce mata, saboda launin rigarta. Yana sonta kamar ransa, kuma duk garin ba wanda ya kai shi zaginta. Kun dai san irinsu. In an ci wasa, yara ne suka yi ƙoƙari duk da kocin. In an sha kashi, ai dama ya faɗa.

Majalisarsa shagon mai aski ce. Nan yake zuwa ya zauna kusa da madubi. Ba aski ke kawo shi ba, don kansa ya sallami gashi tun tuni.

Wata rana ya ce, "Ni fa kocin nan, ban san abin da yake yi da hutu ba."

Hutun da yake nufi dama ce da ake ba kowane koci ya tsayar da wasa na ɗan lokaci, ya tara yaransa ya gaya musu abin yi. Shi kuwa kocin 'Yan Ja ba ya son taɓa nasa.

"Ana zuba mana ƙwallo kamar ruwan sama, shi yana tsaye ya harɗe hannu. Adana hutun yake yi? Tsaraba zai kai wa iyalinsa?"

Mai aski ya ce, "Wataƙila ya san abin da yake yi."

"Ya san me? Mutumin da ya bar Tsoho a fili? Tsoho fa! In zai yi gudu sai ya nemi izini wurin gwiwarsa. Ga Walƙiya a benci, yaro ɗanye shataf, ya zauna har benci ya san warin wandonsa."

Akwai wani tela da ke maƙwabtaka da shagon. Shi 'Yan Kore yake bi, ƙungiyar wani gari. Da ya ji muryar gogan sai ya ajiye almakashi ya leƙo, don ya ɗebi rabonsa.

Tela ya ce, "Walƙiyan nan naka, tun da aka ɗauke shi ban ga ya yi gumi ba. Rigarsa ko wanki ba ta nema."

"Ai ba a sa shi ne!"

"Ran da aka sa shi fa? Ba shi ya jefa ƙwallo ta sami mai sayar da ruwa a layi na uku ba?"

"Iska ce ta kaɗa ta."

"Iska a cikin ɗaki?"

"Fanka ba iska ba ce? Kai dai tela, ɗinki ka sani. Kawo nan in nuna maka."

Sai ya miƙe ya share teburin mai aski. Ya dasa kwalbar man gashi a tsakiya, ya ce wannan Gora ne, dogon ɗan wasan da ke tsayawa ƙarƙashin kwando. Ya ajiye buroshi a kusurwar hagu, ya ce ga Walƙiya. Ya fizge injin aski daga hannun mai shago, ya ce wannan shi ne mai kawo ƙwallo. Tsoho kuwa wani tsohon mataji ya samo mai karyayyun haƙora, ya jefa shi ƙarƙashin kujera. Mutumin da ake yi wa aski na zaune da rabin kai, yana kallon injin yana kai da kawowa a kan tebur.

Da ya gaji ya ce, "Malam, in an gama wasan a ara min mai kawo ƙwallon. Wani alkawari nake da shi, ana jirana."

Wannan hali ne ya raba shi da aiki ba sau ɗaya ba. An taɓa ba shi jan waya a wani sabon gida. Yana aiki yana yi wa magina bayanin kuskuren koci, yana zana fili a ƙasa da wayoyin mutane. Da aka gama, in ka kunna fanka sai ƙararrawar ƙofa ta yi kuka. In baƙo ya danna ƙararrawa sai firji ya mutu. Labari ya zaga gari, aka daina kiransa. Ya koma zaman gida, matarsa ke riƙe da su da ɗan shagonta na kayan masarufi. Abin na cin ransa, gaskiya. In ta dawo da yamma ta ajiye jaka ta ce "Sannu da gida," sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ana nan, sai ga yayan matar ya zo. Shi ne shugaban masu gadi a zauren da 'Yan Ja ke wasa. Mutum ne mai gashin baki, ba ya dariya sai da dalili.

Ya ce, "Mai gyaran wutar zaurenmu ya yi ritaya. Na yi maka magana."

Gogan ya miƙe tsaye. "Zauren wasa, Yaya? Zauren da kansa?"

"Zauna. Gwaji za a yi maka har a gama wasannin fitar da gwani. In ka yi kyau a tabbatar da kai. Na gaya wa manaja kai ko ƙwallo ba ka sani ba. Na ce in aka nuna maka kwando za ka zuba albasa."

"Haba Yaya, ai wannan ɓata suna ne."

"Don 'yar uwata na yi ƙaryar, ba don kai ba. Sharaɗi ɗaya ne. Wuta aka ɗauke ka ka kula da ita. Ba ruwanka da koci, ba ruwanka da benci. In ka buɗe baki a kan ƙwallo, aikin ya tafi, mutuncina ya bi shi. Kuma ka sani, bayan wannan ba mai sake ba ka ko kwan fitila ka ɗaura."

Matar ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Baban yara, don Allah. Wannan karon kawai."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Daga yau ni kurma ne, ni bebe ne."

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Aka ba shi rigar aiki mai aljihu da yawa, da makullin ɗakin wuta. Kuma kamar an shirya, 'Yan Ja suka haɗu da 'Yan Kore. Ƙa'idar ita ce a yi ta karawa, wanda ya fara cin huɗu ya wuce, ɗayan ya tattara kayansa sai baɗi.

Ranar wasan farko a gida, manaja ya ce masa, "Je ka gwada lasifika kafin jama'a su cika."

Ya je teburin sanarwa. 'Yan wasa na ɗumama jiki. Koci na tsaye can, ya harɗe hannu yadda ya saba. Gogan ya ɗauki makirufo ya busa.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu."

Muryarsa ta cika zaure, ta bugi rufi ta dawo. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin kansa da girma haka ba. Ya tuna matarsa. Ya sake duban koci.

"Gwaji, gwaji. A sa Walƙiya. Gwaji. Ɗaya, biyu, Tsoho ya gaji, uku, huɗu."

Zaure ya fashe da dariya. Walƙiya ya ɗaga kai sama yana neman wanda ya san sunansa. Kafin ka ce kwabo ga Yaya ya iso yana haki, manaja na biye da shi.

Manaja ya ce, "Mene ne na ji?"

"Ni ma shi nake bincike, ranka ya daɗe. Wayoyin zauren nan sun tsufa. Ina jin sun haɗu da wani gidan rediyo."

"Gidan rediyo?"

"Mai ilimi ma kuwa. Amma zan gyara."

Manaja ya kaɗa kai ya tafi. Yaya ya matso ya yi ƙasa da murya. "Beben da ka ce ke nan?"

"Gwaji ne, Yaya. Kai ma ka ji na ce gwaji."

Mai hali ba ya fasa halinsa. A wasa na gaba a gida, tun da rana ya shiga ɗakin canza kaya na 'Yan Ja, ya ɗan sassauta kwan fitilar da ke tsakiya. Da aka tafi hutun rabin lokaci, fitila na ƙyaftawa, dole aka kira mai gyara. Ya shigo da tsani a kafaɗa, fuska ba yabo ba fallasa, ya kafa shi daidai kan koci ya hau.

Koci na magana da yaransa. "Tsoho, kai za ka ci gaba da riƙe mana wasa. Ba zan tsayar ba. Mu bar su su gaji."

Daga sama aka ji, "Mtsss."

Koci ya waiga. "Wa ya yi tsaki?"

Kowa ya ɗaga kai. Gogan na murɗa kwai da dukkan natsuwa.

"Fitila ce, ranka ya daɗe. In za ta mutu haka take yi."

Koci ya ci gaba. "Gora, kar ka fita waje, ka tsaya ƙarƙashin kwando. Walƙiya, kai ka dai zauna cikin shiri."

"Mtsssss."

"To cire ta mana!"

"Ai ba ita kaɗai ba ce. Duk fitilun ɗakin nan ransu a ɓace yake."

Garin leƙen allon da koci ke zane a kai, tsani ya fara rawa. Sai wani ya miƙo hannu ya riƙe masa. Ya duba ƙasa, ashe Tsoho ne da kansa.

Tsoho ya ce, "A hankali, Baba, kar ka faɗi."

Baba! Ashe Tsohon da yake zagi shekara da shekaru bai wuce sa'an ɗan cikinsa ba. Kunya ta ɗan kama shi. Ya sauko, ya gyara murya.

"Na gode, ɗana. Ya gwiwa?"

"Alhamdu lillahi."

"A riƙa hutawa dai. Benci ba abin kunya ba ne."

Ranar sai da Yaya ya ja shi bayan zaure, ya nuna shi da yatsa har yatsan na taɓa hancinsa. Ya ce saura ƙiris. Ya ce ko tari zai yi a zauren nan, ya fita waje ya yi. Gogan ya tsorata da gaske, don ya ga gashin bakin Yaya na rawa. Ya kama bakinsa. In wasa ya ɗau zafi sai ya cusa tsumman goge hannu a baki ya cije. A shagon mai aski kaɗai yake sauke abin da ya tara, har tela ya ce a riƙa sayar da tikiti.

Aka yi ta gwabzawa, yau a nan, gobe a can, har kowa ya ci uku. Saura wasa ɗaya, kuma a gida za a yi. Da safe matarsa ta goge masa rigar aiki da kanta.

Ta ce, "Yau ne kawai ya rage. Ka daure, gobe a tabbatar da kai."

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ko ƙwallon ce ta gaishe ni ba zan amsa ba."

Da la'asar zaure ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Zauren kuwa ba shi da taga ko ɗaya, manyan fitilun rufi ne ranarsa. Gogan ya tsaya a bakin lungun da ke kaiwa ɗakin wuta, tsumma a baki. Wasa ya yi wasa. A ci nan, a rama can. Ya cinye rabin tsumman.

Can ƙarshe, saura 'yan daƙiƙoƙi, 'Yan Kore suka jefa ta shiga. Suka wuce da maki ɗaya. Koci na da sauran hutu guda a aljihu. Gogan ya zuba masa ido. Yanzu zai kira. Dole ya kira. Ko jaririn da aka haifa jiya ya san nan ake kira.

Koci ya harɗe hannu.

Aka miƙa ƙwallo. Wa aka ba? Tsoho.

"Inna lillahi!" Tsumma ya faɗi ƙasa.

Ya tuna matarsa, ba a ce bai tuna ba. Ya tuna rigar da ta goge, ya tuna gashin bakin Yaya. Amma sai zuciyarsa ta ce masa aiki ana samun wani, wasan ƙarshe kuwa guda ne. Ya zura a guje cikin lungu, ya banke ƙofar ɗakin wuta, ya kama babban makunni da hannu biyu.

"In kai ba za ka kira ba, ni na kira maka."

To ga abin da bai gani ba, tun da ɗakin wuta ba ya kallon fili. Su ma 'Yan Kore sun ɗauka koci zai tsayar da wasa. Sun tsaya suna rungumar juna, har wani ya nufi benci neman ruwa. Shi kuwa Tsoho, ranar gwiwa ta ba da izini. Ya sheƙa, fili fetal, ba kowa a gabansa. Ya yi tsalle ya saki ƙwallo. Tana sama, tana juyawa, dubban idanu na binta.

Ɗif! Duhu.

A cikin duhun nan, a cikin shirun nan, kowa ya ji ragar kwando ta ce shuuf.

Zaure ya kece. "Ta shiga! Ta shiga!" 'Yan wasa suka yi kan Tsoho da murna, suna laluben juna. Suka danne shi a ƙasa. Gora, da bai ga inda zai faɗa ba, ya sauka da dukkan tsawonsa a kan gwiwar nan.

Magoya bayan 'Yan Kore suka ce ba su san zance ba. Muryar tela ta fi ta kowa. "Mun dai ji wani abu ya ce shuuf! Wa ya sani ko wani ne ya zame a kujera?"

Aka yi kan alƙalin wasa. Ya ce, "Ni da ido aka ɗauke ni aiki, ba da kunne ba." Aka ce a duba na'urar ɗaukar hoto. Ita ma wutar take ci. Agogo ya mutu, allon maki ya mutu. Alƙalai suka haɗa kai a hasken wayar hannu, suka yanke cewa abin da ba a gani ba bai faru ba. Za a maimaita daƙiƙoƙin ƙarshe.

Shi kuwa gogan ya mayar da makunni. Ya san irin fitilun nan, in sun mutu sai sun huce kafin su sake kamawa. Ya samo wa koci hutun da ba a taɓa ba wani koci ba. Ya fito yana goge hannu, ya tarar da zaure kamar kasuwa ta watse. Ya kama wani a duhu.

"Malam, me ya faru?"

"Ƙwallo ta shiga, wuta ta ɗauke, an soke mana!"

Gogan ya ce, "Ta shiga? Wa ya jefa?"

"Tsoho."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Tsoho? To ba ta shiga ba."

Ya lallaɓa ta bayan benci, ya tsugunna bayan tulun ruwan 'yan wasa. Wayoyi na ta ƙyalli nan da can, amma ba mai duban inda yake. Ya ji Tsoho na nishi. Ya ji koci na cewa, "Ba zai iya takawa ba. Wa za mu sa?" Mataimakin koci ya yi gum, don shi mutum ne da ba ya son a ce shi ya ce.

Sai murya ta fito daga baya, a natse, kamar ta wanda ya yi shekara ashirin a harkar.

"Walƙiya. A ba shi a kusurwar hagu. Gora ya tare masa."

Koci bai waiga ba, ya ɗauka mataimakinsa ne. Kansa ya riga ya ɗau zafi. "Ka tabbata?"

"In ba ta shiga ba a canza min suna."

"To shi ke nan. Walƙiya, tashi!"

Fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Walƙiya ya miƙe zai tuɓe rigar sama, zif ya ƙi buɗewa, don ya manta yadda ake yi. Sai ta kai aka zare masa ita. Aka busa usur. Aka yi komai yadda gogan ya tsara a teburin mai aski. Gora ya tare. Ƙwallo ta iso kusurwar hagu. Walƙiya shi kaɗai, ba mai damunsa. Gogan ya ɗaga hannu biyu sama tun kafin a jefa.

Yaro ya jefa. Ƙwallo ta tashi, ta wuce kwando ko gaisawa ba su yi ba. Ta wuce allon da ke bayan kwando. Ta tsallake masu ɗaukar hoto, ta je wurin zaman manyan baƙi, ta kwashe tabaran manaja daga fuskarsa.

'Yan Kore suka wuce. Jama'a suka watse ba mai ce wa wani sannu.

Washegari da safe aka kira shi ofis. A hanya Yaya ya riƙe masa hannu kamar mai kai yaro asibiti.

"Ban tambaye ka ba, kuma ba na son in sani. In an tambaye ka, ka ce tsohuwar waya ce. Daga nan ka ɗinke bakinka."

Suka shiga. Manaja na zaune da filasta a karan hanci. Koci na gefe, ido jajur, da gani bai runtsa ba.

Manaja ya ce, "Me ya sami wuta jiya?"

"Tsohuwar waya ce, ranka ya daɗe."

Ya yi shiru. Wallahi ya yi shiru. Yaya har ya dube shi da mamaki.

Manaja ya buga tebur. "Na faɗa! Tun yaushe nake cewa a canza wayoyin zauren nan? Ba ga shi har gidan rediyo suna kamawa ba? Kai kuma ka yi ƙoƙari da ka dawo da ita da wuri. Daga yau an tabbatar da kai. Ka je ka fara lissafin abin da za a canza."

Gogan ya ji hawaye na neman zubo masa. Ya hango fuskar matarsa in ya gaya mata. Ya durƙusa ya yi godiya, Yaya ma ya yi. Suka juya. Ya kama hannun ƙofa.

Sai manaja ya juya wurin koci. "Amma kai ma, koci, kana da hutu guda a hannu. Me ya hana ka kira?"

Koci ya ce, "Da gangan na ƙi. Su jira suke in kira su shirya. Ai ka ga yadda Tsoho ya sami fili. Duk wanda ya san ƙwallo ya san ba a tsayar da wasa a wurin nan. Sai dai jahili."

Hannun ƙofa ya tsaya a rabi.

Yaya ya ce a hankali, "Mu tafi."

"Jahili?"

Yaya ya taka masa ƙafa. "Mu tafi, na ce."

"A'a Yaya, sake ni. Jahili fa ya ce."

"Ba da kai yake ba."

"Da wa yake?" Ya fizge rigarsa ya dawo tsakiyar ofis. "Ranka ya daɗe, a yi ta ta ƙare. Ana binmu maki ɗaya. Ƙwallo a hannun mai ciwon gwiwa. Yara sun gaji, harshe a waje. Kai kana tsaye ka harɗe hannu kamar mai jiran mota. Da ban ruga na ja makunni na samo maka hutun nan ba, da yaushe za ka zauna ka yi tunani? Mutum ya taimake ka, ko godiya babu, sai jahili?"

Yaya ya cire hularsa, ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa.

Manaja ya taɓa filastar hancinsa. "Kai ka kashe wutar?"

"Hutu na kira, ranka ya daɗe."

Koci ya miƙe a hankali, yana kallonsa kamar ya ga fatalwa. "Tsaya. Muryar nan. Ce Walƙiya in ji."

"Walƙiya."

"Kai ne! Kai ne a bayana jiya! Kai ka ce in sa shi a kusurwar hagu!"

"Ni ne."

"Na yi duk abin da ka ce! Hutun ka samu, Tsoho ya fita, yaronka ya shiga, Gora ya tare! Ga sakamakon a hancin manaja!"

Manaja ya nuna tebur. "Ajiye makulli. Tuɓe rigar. Kar in sake ganin ko inuwarka a ƙofar zauren nan."

Gogan ya ajiye makulli. Ya tuɓe riga ya ninke ta tsaf. Ya tsallake ƙafafun Yaya ya kai bakin ƙofa. Sai ya waigo, ya dubi koci sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Ni na tafi, ranka ya daɗe. Amma don Allah a duba lamarin mutumin nan. Wasan ƙarshe, ƙwallon ƙarshe, kocin kirki ne zai ɗauki shawarar mai gyaran wuta?"